Rumfar baje koli: abin da na gani a Kolon da abin da na baro a Kaduna

Shekarata tara a Jamus, shida daga ciki ina aiki da wani kamfani mai kafa rumfuna a wuraren baje koli. Mu ne masu shiga zaure kwana biyu ko uku kafin a buɗe ƙofa, mu shimfiɗa daɓe, mu tsayar da bango, mu ja waya, mu rataye fitilu. Ranar da kasuwa ta tashi kuma mu dawo da dare mu kwance komai. A tsakanin nan, idan 'yan kasuwarmu sun zo daga gida, nakan cire kayan aiki in sa riga mai kyau in yi musu tafinta. Don haka na san rumfa ta bayanta, na kuma san ta ta gabanta.

Kafin duk wannan ni yaron Kaduna ne. Duk shekara kawuna yakan riƙe hannuna mu hau mota zuwa Kasuwar Duniya da ke kan hanyar Zariya, wajen Rigachikun. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin tsire da ƙurar ƙarshen hunturu, ina jin kiɗa daga lasifika goma lokaci guda, ina ganin mu yara muna bin rumfuna muna karɓar kalanda da hula da ledar kamfani. Ina ƙaunar wannan kasuwa. Ƙaunar ce ma ta sa nake wannan rubutu, domin tun da na fara aiki a nan nake ta auna rumfunanmu da na mutane, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Babbar kasuwar da na fi sani ita ce Anuga, baje kolin abinci da abin sha da ake yi a birnin Kolon na nan Jamus duk bayan shekara biyu, a watan Oktoba, kwana biyar. A ta 2023 kamfanoni kusan 7,900 ne suka kafa rumfa daga ƙasashe 118, masu ziyara kuma wajen 140,000. Ba a shiga don yawon buɗe ido, sai wanda sana'arsa ta shafi abinci, kuma ba za ka ga kowa ya fito da leda ya sayi na miya ba. A nan ta bambanta da ta Kaduna ko ta Kano da ake yi a Zoo Road, inda ƙofa a buɗe take ga kowa, iyali su zo su sayi tukunya da atamfa da maganin gargajiya su koma gida. Na yarda da wannan bambanci, ba kuma ina cewa Kaduna ta koma Kolon ba. Amma a cikin cincirindon nan na Kaduna akwai ɗan sari daga Kano, akwai mai shaguna uku a Gusau, akwai wanda ya tsallako daga Maraɗi, akwai matar da ke sayen kayan abinci na makarantar kwana. Su ne ribar rumfa, kuma yawancin rumfunanmu, a gida da waje, ba a gina su don kama waɗannan mutane ba.

Bari in ba da labarin wani Alhaji da na yi wa tafinta. Zoɓo ya kawo, na Jigawa, ja jawur, busasshe, an tsince shi tsaf. Duk wanda ya san zoɓo ya gan shi ya san kaya ne. Kuma Jamus ƙasa ce da ake shan zoɓo fiye da yadda mutanenmu ke zato, domin shayin 'ya'yan itace da ke kowane kanti a nan, wanda ake ba yara da tsofaffi, jan da ke cikinsa mafi yawa zoɓo ne. Masu shigo da shi suna nan a Hambug da wasu garuruwa, kuma suna yawo a zauren da ƙafarsu suna neman mai kaya.

To ga yadda rumfar Alhaji take. Faɗinta mita uku, zurfinta mita uku, irin ƙaramar nan da ake ba kowa. A bangon baya an manna ƙaton hotonsa da babbar riga, ƙarƙashinsa sunan kamfani da manyan haruffa, sunan da ya ƙare da kalmomin nan da muke so, na cewa kamfani ne na duniya mai harkoki iri-iri. Ba inda aka rubuta zoɓo. A bakin rumfa an gitta dogon tebur daga wannan bango zuwa wancan, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, bayan teburin kujeru uku, a kan kujerun yaransa biyu kowa ya sunkuya kan waya. Zoɓon kuwa yana cikin kwali a ƙarƙashin tebur, a ƙulle cikin ledoji, wai kada a kwashe. Tsallaken layi, taku shida daga nan, wasu 'yan wata ƙasa sun zuba nasu zoɓon a faffaɗan akushi, sun jiƙa wani a tulun gilashi, sun sa fitila a bayansa, jan yana haskawa tun daga nesa. Na ɗebi nasu na murza a hannu. Wallahi bai kai na Alhaji ba. Amma wurinsu ake tsayawa.

Rana ta biyu na daure na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, da za ka yarda mu janye teburin nan gefe, mu fito da kayan fili." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa." Na ce, "Haka ne, Alhaji, amma sai an gan shi." Ya yi shiru, can ya ce a yi. Muka tura tebur jikin bango, muka juye zoɓo a faranti, na samo takarda babba na rubuta sunan kayan da Turanci da Jamusanci da inda aka noma shi. Ba mu kashe ko sisi ba. Kafin la'asar mutum huɗu sun shigo har ciki sun zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kasa kaya ai gadonmu ne. Dubi mai tsire da magariba, yadda yake jera tsinke kewaye da wuta, ya yanka albasa da tumatir ya ajiye inda haske zai faɗa kansu. Dubi mai lemo, ya fere ya tsara su kamar dala. Mai goro yana buɗe ganye ya yayyafa ruwa don farin ya yi fari, jan ya yi ja. Ka shiga Kantin Kwari ka ga yadda ake zubo atamfa daga sama har ƙasa, mai haske kusa da mai duhu, har sai ƙafarka ta tsaya ba da saninka ba. Ba wanda ya tura waɗannan mutane makaranta. Amma da an ce mana baje koli, sai mu ajiye wannan basira a gida mu gina ofis: tebur, kujera, hoton shugaba, tambarin kamfani. Muna gina rumfa don a san mu waye, alhali mai wucewa tambayarsa ɗaya ce, me kuke da shi.

Ku auna da kanku. Rumfa mai faɗin mita uku, mai tafiya yana wuce ta da taku huɗu ko biyar. A cikin waɗannan takun zai ɗaga ido sau ɗaya. Mutumin nan tun safe yake yawo, ƙafarsa na ciwo, ya wuce rumfa ɗari. In idonsa bai faɗa kan sunan haja ko kan hajar kanta ba, ya tafi ke nan. Shi ya sa a wurin aikinmu in mai rumfa ya kawo mana rubutu mai layi goma, mukan roƙe shi ya rage ya bar kalma biyar ko shida, a ɗaga su sama da kan mutane, domin duk abin da aka rubuta ƙasa da ƙugu, da mutum biyu sun tsaya sun rufe shi. Sai fitila. Mutanenmu sukan ga kuɗin ƙarin fitila kamar asara ne, su ce ai zauren da haske. Hasken zaure na kowa ne, ba ya nuna kayan kowa. Fitila biyu da aka karkato kan farantin riɗi sun fi hoton bango na dubban kuɗi aiki, kuma na ga haka da idona sau ba adadi.

Teburin da ake gittawa a baki shi ne babban abokin gabata. Yana raba mai kaya da mai saye kamar kantar banki, yana sa yaran rumfa su zauna, wanda ya zauna kuma hannunsa zai tafi aljihu ya ciro waya. Baƙo ba ya son katse mutumin da ke duba waya ko cin abinci, sai ya wuce. A kasuwar ƙauye ma mai kaya ba ya ɓuya a bayan kayansa, yana gefe, in ka rage tafiya ya ce maka, "Malam, a duba mana."

Amma a ce an gyara duk wannan, mutum ya shigo. Nan ake yin ta. Baturen da ke sayen riɗi ba zai tambaye ka nawa ne mudu ba. Zai tambayi tsabtar kayan kashi nawa cikin ɗari, danshi nawa, mai nawa, wane ɗakin gwaji ne ya auna, tan nawa za ka iya bayarwa a wata, daga wace tasha za a ɗora, kwana nawa daga biyan kuɗi zuwa lodi. Ya san ƙaramar kwantena tana cin riɗi tan 18 zuwa 19, babba kuma tana cin zoɓo wajen tan 12 saboda rashin nauyinsa, yana so ya ji ko kai ma ka sani. Kuma yana da dalilin tsantseni. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ake zubawa a ma'aji, riɗinmu kuma ana tsananta bincikensa a tashoshi saboda ƙwayar cutar salmonela. Duk wanda ya tsaya a rumfa da tutar kore da fari, wannan tarihi yana tsaye tare da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Maganinsa takarda ɗaya ce, shafi guda, mai ɗauke da amsoshin nan da kwafin sakamakon gwaji, a miƙa wa mutum tun bai gama tambaya ba. Sau da yawa abin da muke miƙawa ƙasida ce mai sheƙi, shafi goma sha biyu, da tarihin wanda ya kafa kamfani da hoton ma'aikata a jere, ba lamba ko ɗaya da mai saye zai riƙe.

Ga kuma abin da ke ƙona mini rai: "Alhaji ya fita." Mutum ya biya kuɗin rumfa da Yuro, ya biya jirgi da masauki a garin da otal ke ninka kuɗi a makon kasuwa, sannan ya tafi sayayya cikin gari ya bar yaron da ba shi da ikon faɗin farashi. Mai saye ba zai dawo ba. Yana da alƙawari da wasu mutum goma kafin yamma.

Yanzu in zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. A wurin Jamusawan da nake aiki da su, rumfa wurin tara sunaye ce. Ciniki sai an koma gida. Kowane mai ziyara yana rataye da kati a wuya, ana ɗaukar bayanansa da waya cikin daƙiƙa, amma masu wayo ba sa tsayawa nan. Da baƙo ya juya baya sai su rubuta layi biyu: abin da yake nema, yawan da yake so, lokacin da yake so, da abin da aka yi masa alƙawari. Wasu har yanzu littafi suke amfani da shi, su maƙale katin mutum a shafi su yi rubutu a ƙasa. Da yamma, an rufe zaure kowa ya gaji, sai su zauna su ware na zafi, wato masu niyyar saye da gaske, daga na sanyi, na zafin kuma a daren za a aika masa saƙo, tun bai manta fuska ba. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Turai a 2018 ta sa suna neman izini kafin su cika wa mutum akwati da talla, wannan kuma ladabi ne da ya kamata mu ɗauka ko ba doka.

A gida me muke da shi? Littafin baƙi. Babban mutum ya zo ranar buɗewa da 'yan rakiya da masu ɗaukar hoto, ya sa hannu ya rubuta cewa abin ya burge shi, Allah Ya ƙara basira. A rufe littafi a kai ofis. Ina ganin rumfunan hukumomi da manyan kamfanoni da yawa don wannan rana ɗaya ake gina su, sauran kwanakin kuma sai a bar masinja da fanka. Wasu kuma su ajiye akwatin gasa, dubban mutane su jefa lambar waya don cin babur ko firji, a zaro ɗaya, sauran a zubar. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ko mutum ɗaya cikinsu sana'arsa.

Alhali tambaya ɗaya ta isa. Mace ta tsaya tana juya kwalbar man gyaɗa, sai a ce, "Hajiya, na gida za a saya ko na shago?" In ta ce na gida, a sayar mata, a yi mata gyara, a yi godiya. In ta ce tana da shago a Tudun Wada, to wannan ba a barinta ta tafi da kwalba ɗaya kawai. A ba ta kujera, a ji katan nawa take sayarwa a wata, wa ke kawo mata yanzu, me ke damunta da shi, a nemi lambarta ta WhatsApp da yardarta, a rubuta, a kira ta cikin makon. Ɗan littafi da biro sun wadatar. Sai dai wannan hira ba ta yiwuwa in lasifikar rumfarka tana girgiza ƙirji. Na san kiɗa yana tara jama'a, kuma Kasuwar Duniya ba kiɗa ai ba ita ba ce. Amma taron da kiɗa ke tarawa na masu kallo ne, mai kuɗin sari yana ganin turmutsitsi zai kauce. In dole sai an yi, a juya lasifika ta fuskanci hanya, a bar kusurwa ɗaya a ciki inda mutum biyu za su ji juna ba tare da ihu ba.

Kada a ɗauka komai na Bature ya fi. Akwai inda muka yi musu nisa, kuma a nan ne abin ya fi ba ni takaici, don ba ma amfani da shi. Na kafa rumfuna na maƙudan kuɗi, masu bene da allon majigi, amma ka shiga ka ji sanyi kamar asibiti, a tare ka da tambayar ko kana da alƙawari. Mu kuwa an haife mu cikin gaisuwa. Mun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mun san yadda ake tambayar mutum gajiya da iyali har ya saki jiki, mun san ba a barin baƙo ya tafi bai sha ruwa ba. A wannan zaure mai cike da gajiyayyun mutane, wannan hali dukiya ne.

Na ga wata Hajiya ta tabbatar da haka. Citta ta kawo ta kudancin Kaduna, irin ta wajen Kachia mai yaji, da zoɓo kaɗan. Rumfarta ba ta fi ta Alhaji girma ba. Ta zo da tukunyar lantarki, kullum da safe ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ƙamshin ya bi layi, ga sanyin Oktoba. Ba ta zauna ba sai in baƙo ya zauna. Duk wanda ya rage tafiya sai ta miƙa masa ɗan ƙaramin kofi da hannu biyu, ta bari ya kurɓa, sannan ta tambaye shi daga ina, me yake saye. Turancinta ba mai yawa ba ne, inda ya ƙare in ɗora. 'Yarta na gefe da littafi tana rubutawa. Wani dattijo ɗan Holan ya dawo washegari da abokan aikinsa biyu, ya ce musu ga matar da ya ba su labari. Da dare a masauki ita da 'yar suka zauna suka aika wa kowa saƙo da hoton takardar gwaji. Ta ce mini, "Ƙanena, ai haka nake yi a gida in na yi sabuwar kwastoma, washegari sai na kira na ji ko ta ji daɗin kayan." Ba ta koyi komai daga Jamus ba, abin da ta sani ta ɗauko ta zo da shi, ta haɗa da littafi.

Wani zai ce duk wannan sai mai hali. Ni da nake ganin takardun kuɗin rumfuna ina cewa mafi tsadar abubuwan da mutanenmu ke saya, wato ƙaton hoto da ƙasida mai sheƙi da kyaututtukan rabawa, su ne mafi ƙarancin amfani. Janye tebur kyauta ne. Tsayuwa kyauta ce. Akushi da faifai da ƙwarya, waɗanda a nan in aka gan su sai an tsaya an taɓa, ana samunsu a Kasuwar Kurmi da kuɗi kaɗan, kuma sun fi kwanon roba fito da kyan riɗi. Abin da ke da tsada shi ne gwajin kaya da takardun shaida, kuma can ya kamata kuɗin hoton ya tafi.

Daren da aka tashi, muka shiga kwance rumfuna kamar kullum. Zaure ya koma kango, motocin ɗaukar kaya na kai da kawo, shara ta taru a kowane layi. Da na zo rumfar Alhaji na ɗaga farin ƙyallen teburin nan, sai ga katunan mutane a ƙasa, an ɗaure su da roba, an manta da su tare da kwalin da babu komai. Na ƙirga, arba'in da bakwai. Na kira shi, yana filin jirgin Frankfurt, ya ce, "Subhanallahi, yaran nan! Ɗana, ka taimaka." Na zauna kan akwatin kayan aiki na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ina tura masa. A bayan na sha ɗaya, katin wani mai shigo da ganyen shayi daga Hambug, mutumin ya rubuta da biro da hannunsa: kwantena biyu, watan Janairu, a kira ni.